Takwaranka Ya Kwantar da Jirgi a Gonar Gero

Zuwa ga mahaifina, Saje mai injin niƙa,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan sallama, ina miƙo gaisuwa irin ta 'ya ga ubanta, a durƙushe, kamar yadda ka saba gani. Ina fatan makwancinka ya yalwata, kana cikin rahamar da muke roƙa maka bayan kowace salla. Mu nan Gumel muna lafiya, in dai ana kiran halin da nake ciki lafiya. Damina ta yi albarka, an girbe gero har an zuba a rumbu, riɗin gonarka ta Sule Tankarkar ma ya nuna, ƙannena suna shirin yanka.

Na san takarda ba ta zuwa inda kake. Na kuma san masu bibiyar shafina za su karanta wannan, wasu su ce tsohuwar malamar firamare ta fara hira da matattu. Su faɗa. Ni dai abin da na sani, duk maganar da ta shafi ɗana na fari ta bakinka take bi tun yana zanin goyo. Yau ga magana ta taso, na duba gabas na duba yamma, ban ga wanda zan aika ba.

Takwaranka ne, Baba. Jikanka da aka sa wa sunanka, wanda ka raina, ka cusa wa son jirgin sama har ya zama matuƙin jirgin yaƙi. Ya faɗo da jirgi. Yana da rai, alhamdu lillahi. Yana cikin gidan nan, a ɗakin da ke kusa da zaure, yanzu haka ina jin rediyonsa. Yana takawa da ƙafafunsa. Likitocin soja sun ce ƙashin bayansa ya haɗe, in ya koma jibi suka duba shi za su iya mayar da shi sama. Shi kuma ya kafe. Ya ce ba zai ƙara hawa jirgi ba sai na ce masa ya hau, ni da bakina, ido da ido. In ban faɗa ba, zai ajiye tuƙin ya nemi a ba shi tebur da kujera a ofis.

Ubansa, Malam Garba, ya tsame hannunsa tun da wuri. Ka san surukinka, in ba zancen buhun gero ba ne ba ya son doguwar magana. Cewa ya yi, "Ni na yarda, Allah Ya tsare. Saura wadda ta haife ka." Ya gyara hularsa ya tafi kasuwa, ya bar ni da abin a wuya.

Ka san yadda muke da yaron nan, tunda kai da Inna kuka ɗora ni a kan hanyar. Ɗan fari ne, ga shi mai sunanka, kunya ta hau kan kunya. Ban taɓa kiran sunansa ba. Ranar da aka yaye shi Inna ta zo ta saɓa shi a baya ta tafi da shi gidanku, ni kuma na ci gaba da dakana kamar ba a ɗauki komai ba, don haka ake yi. Ya tashi yana ce mini Yaya, kamar yadda ya ji ƙannena suna faɗa. In ya shigo gaishe ni, ina amsawa ne ina kallon murhu. In na ga ya rame, sai in aika maka a ce a duba yaron nan. In ya ci jarrabawa kai kake zuwa ka faɗa mini, in ce to madalla, sai ka fita in shige ɗaki in yi murnata ni kaɗai. Duk unguwa ana yabona, ana cewa Hajara akwai kunya, ba irin matan yanzu masu rungumar 'ya'ya a bakin titi ba. Yabon ya yi mini daɗi, ba zan ɓoye ba.

Kai kuwa ina ruwanka da kunya. Jika ne, abokin wasa. A rumfar injinka ya girma, fari fat da gari, yana miƙa maka sifana yana ɓatar maka da noti. Nan ka buɗe masa labarin yaƙin basasa, lokacin da kake sojan sama mai gyaran jirage, kana ɗaure matuƙa a kujera kafin su tashi, kana tsayawa a bakin fili kana jiran su dawo. Har yanzu ina ganinka ka ɗauki faifai ka ɗaga sama, kana saukowa da shi a hankali har ka kwantar da shi a kan buhun dawa, mata masu jiran niƙa suna ta tsaki don ka bar injin yana ci shi kaɗai.

"Ka gani, Ƙaramin Saje? Haka ake yi. In inji ya mutu a daji, kada ka fito da ƙafafun jirgi, ƙafa ce ke tuntuɓe ta kifar da mutum. Ka zubar da kayan wuta, ka kashe mai, ka ja ɗamararka har sai numfashi ya yi maka wuya, ka nemi ƙasa mai laushi ka kwantar da shi a kan cikinsa. Jirgi yana da ƙashi. Shi zai sha dukan, kai ka fito kana karkaɗe riga."

Kana da labarin wani matuƙi gajere mai faɗa, wanda ya kwantar da nasa a gonar rogo, da kuka iso kuka tarar da shi zaune a kan fiffike yana tambaya ko akwai mai goro. Ka ba da labarin nan har mu ma mun haddace. Duk lokacin da ka iso wajen goron sai yaron ya faɗi ƙasa don dariya, ya ce a sake.

Amma ni na ji ɗaya rabin. Wata la'asar na kawo maka fura, na tarar da kai da abokinka na soja, dattijon nan da yake zuwa daga Gagarawa a kan keke. Ba ku ji isowata ba. Kana tuna masa wani matuƙi da ya sauka lafiya lau, jirgin ya ja ciki ya tsaya, kuka ruga da gudu, sai murfin gilashin da ke kansa ya ƙi buɗuwa don ƙarfen ya lanƙwashe. Kuna ganinsa yana ganinku, yana dukan gilashin da tafin hannu. Sai man ya kama. Ka ce ka daɗe ba ka iya bi ta gaban mai tsire ba. Abokin naka kuma ya ambaci wani da goshinsa ya daki abin saitin bindiga da ke gabansa, aka fito da shi babu ƙwarzane a jiki sai nan wurin, kuma bai sake magana ba. Na ajiye ƙwaryar a bakin rumfa na juya. Wannan labarin ba ka taɓa ba jikanka shi ba.

To wanne ne gaskiya, Baba? Mai goro, ko mai dukan gilashi? Kai ka taɓa jiragen nan da hannunka, kai ka wanke kujerunsu bayan an fito da mutane. Da kana nan da na tsare ka, na hana ka abincin rana sai ka faɗa mini. Jirgin yaƙi in ya faɗo yana kare wanda ke cikinsa, ko kuwa akwati ne da aka yi wa fenti?

Bari in faɗa maka yadda labarin ya iso mu. Ranar kasuwar Maigatari ce. Ƙanena Sale yana kara yana cinikin raguna, sai ya ga mutane sun yi cincirindo a kan wayar wani bafatake ɗan Damagaram. Ya leƙa. Jirgi ne kwance a gonar gero, can gabas inda ake fama da 'yan ta'adda, farfelarsa ta nannaɗe, fiffike ɗaya ya ɓalle, ya share doguwar hanya a cikin geron kamar an bi da garma. Manoma suna ciro mutum daga ciki. Ba a nuna fuska ba, amma Sale ya gane shi ta ƙeya, don ƙeyarka ce. Ya bar ragunan a hannun dillali ya hau babur. Ina tankaɗe ya faɗo gidan ko sallama babu, ya ce, "Yaya, ki yi salati."

Na yi salati. Daga nan kuma ban san abin da ake so in yi ba. Kafin a jima gida ya cika. Gwaggo Asabe, yayar Malam Garba, ta zube a tsakar gida tana kuka tana kiran sunansa, mata suka rufu a kanta suna ba ta haƙuri. Ni da na haife shi, ni ce mai shimfiɗa tabarma, ni ce mai zuba wa baƙi ruwa. Wata tsohuwa har ta dafa ni ta ce, "Kai, Hajara akwai dauriya." Na ci gaba da zuba ruwan.

Washegari muka kama hanyar asibitin soja da aka kai shi. Muka zauna a kan benci, ni da ubansa da matarsa Zainabu da Gwaggo Asabe da Sale. Can wata ma'aikaciya cikin kaki ta fito ta ce yau mutum ɗaya kawai za a bari ya shiga, kuma shi majinyacin ya ce mahaifiyarsa. "Ina mahaifiyarsa?" Duk suka juyo suka dube ni. Tun da aka haifi yaron nan ban taɓa miƙewa a gaban jama'a na ce ni ce ba. Ga ubansa, ga yayar ubansa, ga sojoji tsaye. Na sunkuyar da kai, na dafa bayan Gwaggo Asabe na tura ta gaba. Ita ta shiga, kuma babu wanda ya ga laifin haka a cikinmu.

Da ta fito ta ce an ɗaure shi a gado, an sa wa wuyansa wani abin roba, ba a san ko zai sake takawa ba. Ta ce da aka buɗe ƙofa ya juyo da idonsa, don idon kaɗai yake iya juyawa. Ya gan ta, ya dubi bayanta, ya ce, "Gwaggo, Yaya ba ta zo ba?" Ta ce masa tana waje, ka san ta da kunya. Ya rufe ido. Daga baya da aka bar mu muna shiga gaba ɗaya, nakan tsaya a wajen ƙafafunsa in ce sannu ina kallon ledar ƙarin ruwa. Shi ma ya ce yauwa yana kallon rufi.

Shi ya sa yanzu ba ya karɓar saƙo. Na gwada. Na aiki Gwaggo Asabe ta ce masa duk abin da ya ga ya dace ya yi. Ta dawo tana share hawaye da bakin mayafi. Wai ya ce, "Ki ce mata na gode, amma saƙo ya ƙare. Mai kai saƙon yana kabari. Na kwanta ban san ko zan tashi ba, na ga kowa ban gan ta ba. Wannan karon ita zan ji." Ka ji taurin kan da ka gadar masa. Ba daga wajena ya ɗauko ba, balle wajen Malam Garba.

Tun daga ranar ban zauna wuri ɗaya ba. Na sa gishiri sau biyu a miya. Na ɗauki tsintsiya na share inda na riga na share. In na ji ƙarar babur a waje sai gabana ya faɗi, ban san dalili ba. Nakan taso daga ɗakina da niyyar zuwa wajensa, in na iso bakin rijiya sai in tsaya in ja ruwan da ba na bukata, in koma. Zainabu tana kallona ta gefen ido, yarinyar kirki, sai dai in ga ta zo ta sauke tukunyar da na manta a wuta.

Na shiga wajen maƙwabciyata Rifkatu, 'yar Filato ɗin nan ma'aikaciyar jinya da take kawo mana shinkafa da kaza ranar Kirsimeti, wadda kake tsokana kana ce mata Likita Babba. Na kai mata hoton ƙashin bayan nasa na ce ta duba mini. Ta ɗaga shi a hasken ƙofa, ta ce, "Hajara, ni ƙashi na sani, ban san jirgi ba. Baya ya haɗe, a gode wa Allah. Amma ke me ya hana ki tambayarsa? Yana nan fa bayan katangar nan. Da nawa ne da tuni na ja kunnensa na zaunar da shi." Na ce ai ku ba ku san kunya ba. Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce sun san ta sarai, ba dai sa barinta ta hana su ganin ɗa a gadon asibiti. Na ji haushinta har na taso ban sha ruwan da ta kawo ba. Haushin bai kai ni gida ba ya sauka, don gaskiya ta faɗa.

Na koma kan waya. Ni da ban iya komai da ita ba sai rubutu da sauraron wa'azi, na zauna na nemo tsofaffin hotunan yaƙin Turawa, baƙi da fari, jirage suna dawowa da rauni. Wani ya ja ciki a ciyawa ya tsaya, mutum ya diro ya ruga. Wani ya dungura da hanci ya kife. Wani ya tsaya lafiya kamar na farkon, sai kawai ka ga hayaƙi. Jirgi iri ɗaya, fili iri ɗaya. Na kalla har idona ya yi ja, ban gano abin da ya raba wanda ya fita da wanda ya ƙone ba. Masu bayani suna ta cewa wannan jirgi ya fi wancan ƙwari, wannan tankin mansa yana gaban matuƙi, wancan yana baya. Babu wanda ya ce ga wanda uwa za ta sa ɗanta a ciki ta yi barci.

Shekaranjiya har adaidaita na hau na je maƙabarta. Na tsaya a bayan katanga, tunda mu ba ma shiga. Na yi maka addu'a, daga nan sai na tsinci kaina ina yi maka faɗa a zuci. Mai adaidaitan ya gaji da jira ya yi ta danna oda.

Ka duba mini lamarin nan. In na ce kada ya koma, zai bi, na san shi. Zai zauna a ofis yana buga hatimi, ya yi ƙiba, ya yi shiru. Na ga yadda yake in jirgin fasinja ya ratsa can sama, yakan bar maganar da yake yi ya ɗaga kai har sai ƙarar ta ɓace. Na kuma ga matan da rikici ya koro, suna zaune a bakin tasha da ƙullin kayansu, kuma na san wani ne zai hau jirgin ko ba shi ba, shi ma wata ce ta haife shi. In kuma na ce ya koma, aka sake miƙo wa Sale waya a kara, to bakina ne ya tura shi. A nan na gano wani abu da ban so ganowa ba. Kunyar nan ba nauyi kaɗai ba ce, inuwa ce. Duk tsawon shekarun nan kai ke cewa e, kai ke cewa a'a. Ranar da zai shiga soja kai ka sa masa albarka, ni ina ɗaki. In abu ya yi kyau in yi murna a ɓoye, in ya ɓaci ba ni na ce ba. Yanzu ya janye inuwar, ya bar ni a rana.

Ga shi an kira la'asar. Zainabu ta tafi gidansu gaisuwa, Malam Garba yana kasuwa, gidan babu kowa sai ni da shi. In ban je yanzu ba, ba zan je ba. Bari in ajiye wayar nan in yi salla.

Baba, na dawo.

Na yi sallama a ƙofarsa. Yana kwance a ƙasa a kan tabarma saboda bayan. Da ya ji muryata ya yunƙura zai tashi har ya ture rediyon. Na ce, "Kwanta." Na zauna a bakin ƙofa, na ga nisan ya yi yawa, na matso. Ban san inda zan sa idona ba, sai na sa shi a kansa. Ashe yana da furfura a gefen kunne. Na ce, "Faɗa mini yadda aka yi. Duka. Kada ka tace mini."

Ya faɗa. Yana kan hanyar dawowa ne, shi kaɗai a ciki, injin ya yi tari ya ɗauke. Yana da sauran tsawo a sama. Wanda ke magana da shi ta rediyo daga ƙasa yana ta cewa ya fita, ya fita. Ashe akwai wani hannu a tsakanin gwiwoyin matuƙi, in ya ja, kujerar za ta cilla shi sama, laima ta buɗe ya sauko a hankali, jirgin ya je ya faɗi shi kaɗai. Babu gari a ƙarƙashinsa, babu ruga, gonaki ne kawai. Ya ce ya kama hannun. Sai ya sake shi.

Na ce don me.

Ya ce, "Muryar Saje na ji, Yaya. Yakan ce mini, kada ka yarda da kujerar nan, ita ke karya maza. Ka zauna da jirginka."

Ashe akwai wannan ma, ban sani ba. Ya ce a zamaninku gaskiya ka faɗa. Kujerunku harsashi ne a ƙarƙashinsu kamar na igwa, in mutum ya ja a kusa da ƙasa laima ba ta samun buɗewa, in ya ja a sama ma sau da yawa baya ya tafi. Ka ga waɗanda ta kashe da idonka. "Amma namu ba haka suke ba. Ko jirgi yana tsaye a ƙasa za su fitar da kai. An koya mana, na ci jarrabawar. Da abin ya zo, karatun rumfar inji ne ya riga fitowa." Manyansa da suka yi bincike ba su ɓoye masa ba. Sun ce ya iya sauka, amma bai kamata ya sauka ba. Akwai wani gawo a tsakiyar gonar, shi ya cire fiffiken. Da jirgin ya goce kaɗan, da ba fiffike zai cire ba.

Ya ce ya yi duk yadda ka ce. Bai fito da ƙafafu ba, ya zubar da kayan wuta, ya kashe mai, ya ja ɗamara. Zangarniyar gero ta riƙa dukan gilashin kamar ruwan sama a kan kwano. Da cikin jirgin ya taɓa ƙasa, dukan ya taso daga kujera ya fita ta haƙoransa. Sai komai ya tsaya, ya yi tsit, sai warin mai. Ya kai hannu zai buɗe murfin, murfin ya ƙi. Ya sake, ya ƙi. Ga manoma sun iso sun kewaye shi, yana ganinsu suna ganinsa, yana dukan gilashin da tafin hannu. Wani dattijo ne ya sa gatari ya ɓalle ƙarfen.

Baba, a nan na kasa daurewa. Na ji ƙwaryar furar nan a hannuna. Na buɗe baki na ba shi labarin da ka ɓoye masa, na mutumin da kuka tsaya kuna kallo, da man da ya kama, da tsiren da ka kasa ci. Ban rage komai ba. Ya ce, "Bai taɓa faɗa mini ba." Na ce na sani.

Na ce ya nuna mini inda ɗamarar ta kama shi. Ya ja wuyan rigarsa. Ga tabo nan baƙi, ya ratsa kafaɗa ya gangara ƙirji, hagu da dama. Na ɗora hannuna a kai. Rabon hannuna da jikinsa tun ranar yaye. Fatar tana da ɗumi, ƙirjin yana hawa yana sauka, na bar hannun a wurin.

Na ce, "Ka koma. Ni na ce ka koma, Allah Ya yi maka albarka. Amma maganar kakanka ta ƙare yau. In inji ya sake mutuwa a hannunka, ka ja abin nan, ka bar musu ƙarfensu. Su suna da inda za su sayo wani. Ni ba ni da shi."

Ya ce, "To, Yaya." Ya ɗauki hularsa ya rufe fuska da ita, kafaɗunsa suna motsi a ƙarƙashin hannuna. Da ya samu kansa sai ya ce, ta cikin hular, wai tun yana yaro yake jin haushin ƙannensa in ina yi musu faɗa, yau dai Allah Ya kawo nasa rabon. Na ce ya yi mini shiru, mara kunya. Muna nan zaune har muka ji Zainabu tana sallama a zaure, ban tashi ba, ta shigo ta same ni.

To ka ji, Baba. Na soke maganarka a gaban jikanka, ni da ban taɓa ɗaga ido na dube ka ba kana raye. Ka yafe mini. Na san ba mugunta ta sa ka ba shi rabin labari ba. Ka ga abin da ido bai kamata ya gani ba, ka dawo gida ka zaɓi mai goro ka ba yaro, ka riƙe sauran a cikinka har ka tafi da shi. Wanda ka ba shi ya sauko da shi da rai, ya kuma kusa kashe shi, duka biyun. Na daina neman wanne ne gaskiya.

Kada ka ɗauka hankalina ya kwanta. Jibi zan tsaya a ƙofar gida in ga tafiyarsa, a gaban kowa, duk mai magana ya yi. Daga nan kuma duk ranar kasuwar Maigatari gabana zai riƙa faɗuwa, na san wannan, na kuma karɓa, tunda da bakina na faɗa.

Allah Ya jiƙanka, Ya jiƙan Inna, Ya haskaka kabarinku. Allah Ya jiƙan mutumin da kuka kasa buɗe wa murfi, da uwar da ta haife shi. Allah Ya saka wa dattijo mai gatari da alheri, Ya ba shi amfanin gonar da aka ɓata masa ninki ba ninki. Allah Ya tsare duk wanda ya tashi sama don wasu su kwana a gidajensu, Ya sauko da shi ta inda ya fi sauƙi. Na san kana kewar abokin wasanka, amma ina roƙon Allah Ya jinkirta haɗuwarku, Ya jinkirta ta sosai. Kai ka samu ƙuruciyarsa gaba ɗaya. Ni yau na fara.

Wassalam.

'Yarka,
Hajara
Gumel